Berenil, Imizol ko Butalex: wace allura ce ta saniyarka?

Ƙarshen daminar bara aka kira ni wata gona a bayan gari, wai wata karsana ta kwana biyu ba ta tuƙa. 'Yar ruwa biyu ce, uwa Bunaji uba Firisiyan, mai gonar ya sayo ta tare da 'yan'uwanta uku ko wata guda ba a yi ba. Na same ta tsaye a gindin darbejiya, kai a sunkuye, kunnuwa sun langaɓe. Na ɗaga leɓenta na ga dasashi fari fat. Ma'aunin zafi ya haura 41. Muna nan tsaye ta yi fitsari, sai ga shi ya fito kamar zoɓon da ya kwana, da kumfa a kai.

Yaron da ke kiwonsu ya ce, "Likita, mun yi mata LA jiya da shekaranjiya. Alhaji ya ce in ba ta warware ba yau a ƙara mata."

Na ce, "Me ya sa LA?"

Ya ce, "Ita ce ta rage a kwali."

Haka ake zaɓen allura a garke da yawa, abin da ya rage a kwali ko abin da mai shago ya miƙo. Na ɗan huda bakin kunnenta, na shafa ɗigon jini a gilashi, na shiga lissafin da zan shimfiɗa a nan. Alluran da ke gabana a irin wannan rana da nake zargin cutar kaska huɗu ne: diminazin, wanda kowa ya sani da sunan Berenil, imidokab mai sunan kasuwa Imizol ko Carbesia, bufarbakwon wato Butalex, sai ita LA ɗin, oksitetirasaikilin mai jimawa a jiki. Kowace da inda take cizo, kuma abin da ke raba su shi ne ɗakin da ƙwayar cutar ta shige a cikin jinin saniya.

Inda ɓarawon ya ɓoye

Ƙwayar sammore, wadda ƙudan tsando ke kawowa, a ruwan jini take iyo, a fili. Waɗanda kaska ke kawowa kuwa shiga suke yi cikin ƙwayoyin jikin saniyar su rufe ƙofa. Ɗaya daga cikinsu, Babesiya, tana shiga jar ƙwayar jini, ta rabu biyu, ta fasa ta, 'ya'yan su shiga wasu. Jan da ake gani a fitsari shi ne abin da ya zube daga waɗannan fasassun ƙwayoyi. Wani masani ɗan Romaniya, Victor Babeș, shi ya fara ganinta a jinin shanu a 1888, a 1893 kuma Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke ɗaukar ta daga saniya zuwa saniya. Tana ma bi ta cikin ƙwan kaskar, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da ita a jikinsu.

Taileriya ta fi wayo. Ita farar ƙwayar jini take fara shiga, wato sojan da aka ajiye don ya kashe ta, sai ta juya masa tunani ya dinga rabuwa ba tsayawa kamar ciwon daji. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu, ita ma sai ta rabu ta bi kowane ɓari. Saboda haka ba ta buƙatar fitowa waje balle garkuwar jiki ta same ta a fili. Sai daga baya wasu daga cikinta suke saukowa cikin jajayen ƙwayoyi su jira kaska.

Wannan hali nata shi ya ba masu bincike hanyar gwada magani ba tare da an kashe shanu ba. Farar ƙwayar jinin saniya mai lafiya, in ka sa ta a kwalba, kwanaki kaɗan take yi ta mutu. Wadda Taileriya ta kama kuwa sai ta yi ta hayayyafa shekara da shekaru muddin ana canza mata ruwan abinci. Tun wajejen 1964 zuwa 1970 aka iya rainon su haka. Sai a zuba ƙwayoyin a 'yan ramukan faranti, a ɗiga magani a kowane rami da ƙarfi daban-daban, bayan kwana biyu a ƙirga. Inda maganin ya kashe baƙon, sai ƙwayar saniyar ta daina rabuwa, bayan 'yan kwanaki ta mutu mutuwarta ta asali. Babesiya ma an samu hanyar rainonta a cikin jajayen ƙwayoyin shanu a 1980. Gwajin maganin Taileriya irin su Butalex daga irin waɗannan faranti ya fara, kafin a kai shi jikin dabba.

Diminazin da imidokab

Ga makiyayin Najeriya da Nijar, a nan ainihin zaɓin yake, domin Babesiya ce tamu. Iri biyu gare mu. Bigemina babba ce, tana cika jini, ita ta fi kawo jan fitsari ƙarara. Bovis ƙarama ce, da wuya ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na jajayen ƙwayoyi, amma ta fi kisa, saboda ƙwayoyin da ta kama suna manne wa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai ka ga saniya tana tangaɗi, tana zagaye wuri ɗaya, ko ta yi kan mutane kamar mai haukan kare. Shi ya sa ake ɗibar jinin gwaji a bakin kunne ko ƙarshen wutsiya: a babbar jijiyar wuya kana iya neman bovis ka rasa alhali tana cin saniyar. Shuɗiyar kaskar da muka gada bigemina take ɗauka. Amma akwai baƙuwar kaska 'yar asalin Asiya, mikirofulus, mai ɗaukar duka biyun, wadda aka fara ba da rahotonta a Afirka ta Yamma a Kwaddibuwa a 2007, aka gan ta a Benin, daga baya aka tabbatar da ita a Najeriya. Duk inda ta sauka, lissafin jan fitsari ya canza.

Diminazin tsohon hannu ne. Kamfanin Hoechst na Jamus ya fito da shi a 1955, kuma har yau da wuya ka shiga kasuwar Potiskum, Maigatari ko Wudil ka rasa wannan rawayan gari a teburin mai magani, da sunaye iri-iri. A jikin fakitin za ka ga an rubuta diminazene aceturate. Aikinsa shi ne ya liƙe a zaren gadon ƙwayar cutar ya hana ta kwafar kanta, in kuwa ba ta kwafa ba, ba ta rabuwa. Ƙaramin fakiti giram 2.36 ne, a ciki giram 1.05 ne ainihin maganin, saura kuma mai taimaka masa narkewa da sauke zazzaɓi. Ana zuba masa ruwa mai tsabta mililita 12.5, ya ba da 15, kuma wannan na saniya mai kilo 300 ne. Wato mililita ɗaya ga kowane kilo 20, a cikin tsoka mai kauri, daidai da miligiram 3.5 ga kowane kilo.

Abin da nake so da shi uku ne. Yana da sauri, sau da yawa kafin kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka. Yana da araha, kuma ko a ƙauye ana samu. Sannan jifa ɗaya tsuntsu biyu: adadin da ke kashe Babesiya shi ne ke kashe manyan nau'o'in sammoren shanu. Garken da ya dawo daga kudu, ya yi rani a bakin Binuwai ko dazukan Neja, in saniya ta kwanta da zazzaɓi da ƙarancin jini ba ka da madubin likita a kusa, diminazin ya rufe maka ƙofa biyu. Imidokab ba ya maganin sammore.

Rauninsa kuma a fili yake. Da wuri yake fita daga jiki, saboda haka ba a dogara da shi don riga-kafi, kaska ta sake cizo an koma gidan jiya. Ya fi ƙarfi a kan bigemina fiye da bovis. Ba ya taɓa Anafilasma, wata ƙwayar cutar jini ta daban, ko kaɗan, kuma a kan Taileriya ba abin dogaro ba ne. Sai gargaɗi ga masu haɗa kiwo: raƙumi ba ya jure shi, yana iya kashe shi, kuma jaki da kare ma tazarar da ke tsakanin magani da guba gare su ƙarama ce. Sauran abin da ya rage a sirinji bayan an yi wa shanu, kada a ce bari a ƙarasa wa raƙumi don kada a yi asara.

Imidokab ruwa ne a kwalba, miligiram 120 a kowace mililita. Don maganin Babesiya mililita ɗaya ce ga kowane kilo 100, a ƙarƙashin fata. Saniya mai kilo 250 za ta sha diminazin mililita 12.5, amma imidokab 2.5 kawai. Mutane da yawa in sun ga wannan 'yar allura sai su ce ta yi kaɗan, su ƙara, kuma a nan ake ɓarna. A cikin jijiya kuwa ba a yin sa sam.

Halinsa kishiyar na diminazin ne: shi zama yake yi. Yana taruwa a hanta da ƙoda ya dinga fitowa a hankali. Daga nan alherinsa yake, daga nan kuma matsalarsa. In aka ba da babban adadi, mililita 2.5 ga kowane kilo 100, yana kare saniya daga Babesiya kamar wata guda, ya kuma kan share ƙwayar daga jikin mai ɗauke da ita. Wanda ya sayo 'yan ruwa biyu daga gonar da ake feshi kowane mako zai kai su inda kaska ta yi yawa, wannan kariya ta wata guda ita ce tsakaninsa da asarar kuɗinsa. Diminazin ba shi da irinta.

Wannan babban adadi kuma yana aiki a kan Anafilasma. Ita ba dangin su Babesiya ba ce, bakteriya ce, amma ɗaki ɗaya suke haya, cikin jar ƙwayar jini, kuma kaska da ƙudaje masu cizo da allurar da aka yi wa shanu goma ba a canza ba duk suna yaɗa ta. Alamominta sun yi kama: zazzaɓi, ƙarancin jini, shawara. Bambancin da makiyayi zai iya gani da idonsa shi ne fitsari ba ya yin ja, domin saifa ce ke tsince ƙwayoyin da suka kamu, ba a cikin jijiya suke fashewa ba. Kashi kuma yakan bushe ya fito guntu-guntu da majina. Su biyun sukan haɗu a saniya ɗaya, kuma a wannan hali imidokab shi kaɗai ya isa, alhali mai diminazin sai ya haɗa da LA.

To ga kuɗin da ake biya. Maganin da ya zauna a hanta da ƙoda, mai cin hanta da ƙoda zai ci shi. A Ingila dokar Imizol ita ce kwana 213 kafin a yanka, kwana 21 kafin a sha nonon. Wata bakwai ke nan. Wasu ƙasashen sun yanke ƙasa da haka, kwalin da ke hannunka shi za ka bi, amma yawanci ya fi na diminazin tsawo, wanda a yawancin fakiti kwana 21 ne ga nama, kwana 3 ga nono. Mai kiwon turke da ke shirin kai bijimi kasuwa kafin Babbar Salla, imidokab ba nasa ba ne. Mai tatsa wadda kindirmo ne cefanen gidanta, a ce ta zubar da nonon mako uku, kowa ya san ba za a zubar ba, yara ne za su sha. Ni kam ga saniya mai tatsa diminazin nake ɗauka in dai ba dole ba. Akwai kuma al'adar nan ta yi wa saniya allura yau, gobe a ga ba ta tashi ba a kira mahauci. In har zuciyarka tana raya maka wuƙa ce ƙarshenta, kada ka sa mata imidokab.

Abu na biyu, imidokab yana danne wani sinadari da jijiyoyin jiki ke buƙata don su huta bayan sun yi aiki. Shi ya sa bayan allurar wata saniyar take dalalar da miyau, idonta ya yi hawaye, ta yi makyarkyata ko zawo. Yawanci yana wucewa da kansa, in ya yi tsanani likita ya yi mata aturofin. Haɗarin shi ne magungunan feshin kaska dangin diyazinon su ma wannan sinadarin suke dannewa, haka fiya-fiya da wasu ke zubawa a ruwan feshi. Saniyar da aka yi wa irin wannan feshi jiya, a yi mata imidokab yau, an haɗa mata duka biyu a wuri ɗaya. Kuma dabi'a ce, da an ga saniya ta kwanta a ga kaska a jikinta, feshi ake fara yi. Kullum sai na tambaya, in ba a faɗa ba na sunsuna bayanta.

Akwai wani batu da ba kasafai ake kawo shi ba. Maraƙin da kaska ta ciza tun yana ƙasa da wata tara yakan kamu ba tare da ya kwanta ba, ya tashi da garkuwa, ƙwayar na zaune kaɗan-kaɗan a jininsa tana tuna wa jiki. Wannan ne ya sa garken Bunaji da Rahaji da Bokolo ke yawo cikin kaska shekara da shekaru, jan fitsari sai jefi-jefi, ga kuma juriyar da shanu masu tozo suke da ita fiye da na Turai. In ka bi irin wannan garke da babban adadin imidokab kana share jininsu lokaci zuwa lokaci, ka kuma kashe kaska ƙaf, maruƙan da za a haifa za su girma ba su san cutar ba, ranar da feshi ya yanke kuma su kwanta su da yawa. Saboda haka a garken gargajiya mai ciwon kaɗai nake yi wa magani, da ƙaramin adadin nan. Riga-kafin imidokab na baƙi ne masu tsada da suka zo daga wuri mai tsabta.

Butalex, da wanda ya kamata ya saye shi

Na sha ganin wanda ya je birni ya sayo Butalex da kuɗi mai yawa don an ce masa shi ne babban maganin cutar kaska. Babba ne, amma a kan Taileriya. Tarihinsa ma daga waɗancan faranti ya taso. Masu bincike na kamfanin Wellcome, ciki har da Nicholas McHardy, suna aiki tare da na Kenya, sun gwada dangin wasu sinadarai da aka fara nema don zazzaɓin cizon sauro. Na farko ya yi aiki amma haɗa shi ya yi tsada. Sai aka samu farbakwon, mai sunan Clexon, sannan a shekarun 1980 aka ɗan gyara shi ya zama bufarbakwon. A jikin saniya farbakwon na buƙatar miligiram 20 ga kowane kilo, bufarbakwon 2.5 kacal, wato kashi ɗaya cikin takwas. Yana ratsa bangon farar ƙwayar jini ya toshe injin numfashin baƙon da ke ciki, ya bar na saniyar. Ɗan'uwansa atobakwon shi ne ke cikin Malarone da matafiya ke sha don zazzaɓin cizon sauro. A 2015 masu bincike na Faransa da Tunisiya suka ƙara nuna cewa yana kuma danne wani furotin da Taileriya ke fitarwa don ta tilasta wa ƙwayar saniya rabuwa.

Ana yin bufarbakwon mililita ɗaya ga kowane kilo 20 a tsokar wuya, in ciwon ya yi nisa a maimaita bayan kwana biyu zuwa uku. Nama sai bayan kwana 42. In aka yi shi da wuri yawancin shanu suna tashi, in aka makara har huhu ya cika da ruwa, kashe ƙwayar ba ya mayar da abin da ya lalace.

Sai dai Taileriya masu kisa biyu ne, kuma kowace da ƙasarta. Farba, mai haddasa zazzaɓin Gabashin Afirka, tana Kenya, Uganda, Tanzaniya, Sudan ta Kudu har zuwa Zambiya, ana ƙiyasin tana kashe shanu kusan miliyan ɗaya a shekara, kuma kaskar da ke ɗaukarta ba ta yankinmu. Anulata kuma tana Arewacin Afirka, Masar, Sudan, Turkiyya har Indiya. Waɗanda ake samu a jinin shanun Najeriya, mutans da belifera, waɗanda kaska mai zane ke kawowa, yawanci zaman lafiya suke yi da saniya. Ɗakin gwaji zai iya rubuto maka cewa an ga Taileriya a jinin saniyarka, gaskiya ne an gani, amma sau da yawa ba ita ta kwantar da ita ba. A ci gaba da neman sammore, Babesiya, Anafilasma ko ciwon hanta.

'Yan'uwanmu Hausawan Sudan, na Jazira da Sinnar da Gadarif da masu gonakin madara a gefen Hartum, su labarinsu daban. Anulata na nan, tana cin 'yan ruwa biyu da maruƙansu, alhali shanun ƙasar irin su Kenana sun fi jure ta. Alamar da ke raba ta da jan fitsari ita ce kaluluwa: a shafa gaban kafaɗa, ƙasan kunne da gaban cinya, za a ji sun kumbura kamar ƙwan kaza ko fiye, ga hawaye, ga numfashi sama-sama. A can bufarbakwon shi ne na farko, diminazin ɓata lokaci ne. Amma a sani an fara ba da rahoton ƙwayar da ta daina jin sa a Tunisiya a 2010, sannan Iran da Turkiyya, kuma an ga irin canjin gadon da ke kawo haka a Sudan ma. Ɗan canji ne a daidai wurin da maganin ke kamawa a injin numfashin, mabuɗi ya daina shiga kuba. Rabin allura don tsimin kuɗi shi ke renon irin waɗannan.

Akwai halofujinon, wanda asalinsa daga wani tsiron maganin zazzaɓi na ƙasar Sin yake, ana ba da shi ta baki. Yana kashe Taileriya a cikin farar ƙwaya, amma ɗan ƙari kaɗan ya zama guba, shi ya sa aka ja baya da shi. Yau an fi saninsa a maganin zawon jariran maruƙa.

LA fa? Tana da gurbinta. A kan Anafilasma da ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, ita ce a gaba, miligiram 20 ga kowane kilo. A kan Taileriya rage mata gudu kawai take yi, kuma sai in an ba da ita tun farkon kamuwa. Da wannan ɗan aiki nata aka gina riga-kafin da aka ƙirƙiro a Muguga ta Kenya a shekarun 1970: a yi wa maraƙi allurar ƙwayar mai rai, a take a bi shi da LA, cutar ta taso a raunane, jiki ya koyi yaƙarta. Saniyar da ta riga ta kwanta da jan fitsari kuwa, LA ba ta tashe ta. Kwana biyun da aka yi ana dirka wa karsanar nan, jininta ne ya tafi a banza.

In babu madubin likita

Abin da ya fi shi ne gwaji. Gilashi ɗaya da ɗigon jini, a busar a inuwa, a kai asibitin dabbobi mafi kusa, ko manyan wurare irin su cibiyar binciken dabbobi ta Vom, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai ga mutanen Nijar. A ɗebi jinin kafin allura, domin bayanta ƙwayar takan ɓace daga gilashi. Amma saniya mai zafi 41 ba ta jiran sakamako, saboda haka ga yadda nake yanke hukunci a tsaye. Fitsari ja da zazzaɓi, Babesiya ce har sai an nuna mini akasin haka, kuma tsakanin allura biyun wadda ta fi kusa da hannu ita ce ta fi, domin awa shida na jinkiri ya fi bambancin da ke tsakaninsu girma. In duka biyun suna nan, sai in duba saniyar: mai tatsa ce, ko ta kusa kasuwa, ko an yi mata feshi kwanan nan, ko ta fito ƙasar tsando, diminazin. Karsana ce ko bijimin barbara da za a daɗe da shi, ko ina zargin Anafilasma ta haɗu, imidokab. Shawara ba jan fitsari, ga busasshen kashi, LA ko babban adadin imidokab. Kaluluwa a Sudan, Butalex. Jan fitsari ba zazzaɓi kuwa, a dakata, yana iya zama guba ce ta ci ko wani ciwon daban.

Duk wannan lissafi yana rushewa a wuri biyu. Na farko nauyi. Ido yana ƙarya, musamman a kan 'yan ruwa biyu da suka fi Bunaji cika. Awon ƙirji da tef, a bayan ƙafafun gaba, minti ɗaya ne. Na biyu jabu. Na taɓa sayen fakiti goma na diminazin a wata kasuwar ƙauye, na jiƙa ɗaya ya ƙi narkewa, ya kwanta a gindin kwalba kamar garin masara. Tun daga ranar nake duba lambar rajista da ranar lalacewa, kuma ba na sayen wanda ya yini a rana a kan tabarma. Wanda aka jiƙa kuma a ƙarar da shi a ranar ya fi.

Sannan allura ƙwayar cuta take kashewa, ba ta mayar da jinin da ya fashe. Saniyar da dasashinta ya yi fari, zuciyarta na aiki da rabin jini. In aka kora ta kiwo ko aka yi kokawa da ita wajen kayarwa, tana iya faɗuwa nan take bayan maganin ya riga ya ci cutar. Inuwa, ruwa a gabanta, ɗanyen haki ko harawa, allurar ƙarin jini, a bar ta ta huta mako biyu zuwa uku.

A takarda, karsanar nan ta imidokab ce: ba ta tatsa, ba yanka za a yi ba, ga ta baƙuwa cikin kaska. Har na ɗauko kwalbar. Da na matsa kusa sai wari ya bugi hancina. Na ce wa yaron, "Kun yi mata feshi?" Ya ce jiya da yamma, ya ɗauko mini galan ɗin, na karanta, diyazinon ne. Na mayar da kwalbar jaka. Tef ya nuna kilo 280, na jiƙa fakitin diminazin, na ja mililita 14, na raba biyu, kowane gefen wuya bakwai. Da yamma gilashin ya nuna bigemina, bibbiyu a cikin ƙwaya kamar 'ya'yan kankana. Washegari zafi ya sauko 39, rana ta uku fitsari ya washe, ta fara jan harawa.

Da Alhajin ya zo na ce masa, "Ranka ya daɗe, sauran ukun nan ma kaskar da ta ciji wannan ta cije su. A dakatar da wannan feshin, a koma wani iri, bayan mako biyu in zo in yi musu imidokab na riga-kafi." Ya tambayi kuɗin kwalba, na faɗa, ya yi shiru yana kallon karsanar. Sai ya ce in zo ranar Laraba.